Gadon Jego Don Akuyar Inna

Yelwa, kafin kiran assalatu

Tun ladanin unguwarmu bai gyara murya ba na fito da bututuna ƙofar gida. Na ƙarfe ne, kaurinsa kamar cinyar mutum, tsawonsa ya kusa ninka nawa. Na jefa cokalin gini da guduma cikin jaka, na naɗe kaina da rawani har kunne. Irin ɗarin da ake yi a bakin kogin nan in shekara ta zo ƙarshe, ku mutanen Yelwa ba sai na ba ku labari ba. Ruwan alwala ma sai da na yi ta maza kafin na taɓa shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bala. Magini ne ni, amma ba na gidaje ba. Tanderun burodi da murhun bandar kifi su ne sana'ata. Rabin burodin da kuke ci a garin nan daga tanderun da na gina yake fitowa. To, na ji, ba rabi ba, amma da dama. Shekarun baya wani mai gidan burodi ya kawo mini kuka, 'yan tsakinsa na mutuwa da sanyi, alhali ga tanderu a bayan ɗakinsu yana ci da wuta har safiya, zafin yana tafiya sama a banza. Na ratsa bututu ta cikin tanderun, baki ɗaya a waje, ɗaya a ɗakin kaji. Iska ta shiga da sanyi ta fita da ɗumi, babu hayaƙi ko kaɗan. Tun daga nan sanyi bai ƙara kashe masa tsako ba, ni kuma tun daga nan bakina bai ƙara rufuwa ba.

Abin da ya tashe ni wannan tafiya akuya ce. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta bar mana gona ba, ba ta bar kanti ba. Jar akuya ta bari, mai yawan haihuwa, wadda da 'ya'yanta aka yi mana kayan salla da na makaranta. Yaya Kulu, wadda nake bi, ita ta tafi da ita tungar masuntan da take aure, can bakin tafki gaba da Wara. Akuyar ta yi zuri'a sosai. Sai dai hunturu biyu a jere sanyin tafki yana bin 'yan awakin yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ga shi an hana hura wuta a ɗakin dabbobi a tungar tun da kaskon garwashi ya taɓa tayar musu da gobara. Yanzu daga jinin akuyar Inna saura jika ɗaya tak, muna kiranta Jar Inna, kuma cikinta ya tsufa.

Yaya ta kira ni ta ce, "Bala, na gaji. Ina kiwo, ɗari na ci. Ranar kasuwar Wara zan kai su duka, har Jar."

Na ce, "Yaya, kada ki taɓa ta. Ina nan tahe da maganin abin."

Mai kabu-kabun da ya kai ni tasha ya dubi bututun ya ce, "Malam Bala, wanga hwa? Rijiya za ka haƙa?" Na ce ya tuƙa kawai, ya bar manya da aikinsu. Muka tafi bututu na kafaɗata, duk kwanar da muka sha sai na yi salati.

Daga tasha zuwa Wara

Na yi sallar asuba a masallacin tasha, na sha shayi mai kauri a tsaye. Direban motar Wara, wani siriri mai hular sanyi, ya zagaya bututun kamar mai sayen sa.

"Malam, wanga kujera biyu ne."

"Kujera biyu? Zama zai yi ko hira zai taya ka?"

"Saman mota ma mai take sha."

Muka ja, muka daidaita a kuɗin mutum ɗaya. Aka ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa, muka tashi gari bai gama wayewa ba. Rana ta fito mana a Birnin Yauri. Masu lambu sun riga sun shiga fadama, kowa ya duƙa ya ba iska baya.

Bayan mun karya zuwa hanyar Wara muka tarar da shingen 'yan banga. Ɗaya ya leƙo, ya ɗaga kai sama, fuskarsa ta canza.

"Wa ad da wanga abu?"

"Ni ne."

"Mi za ka yi da shi?"

"Awaki zan ɗumama."

Duk motar aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Sai da ya hau bayan mota ya sa ido a bakin bututun ya hango sararin sama ta ɗaya bakin, sannan ya sauko. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a. In ya yi, ka biyo ka yi muna, mu ma nan ɗari bai raga muna ba."

Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne daga wajen Shanga, za shi Ngaski gaida dangi. Ya tambaye ni yadda abin yake, ni kuwa dama jira nake. Na ce masa duk wutar da ɗan Adam ya hura, ta girki ce, ta burodi ce, ta turara shinkafa ce, abin da ake amfani da shi kaɗan ne, sauran sama yake gudu. Ni aikina in tare shi in mayar da shi inda ake bukata. Ya gyaɗa kai ya ce su maruƙa tsakiyar garke suke sa su, numfashin manya ya ishe su, amma ɗan akuya in sanyi ya shige shi a daren farko, shi ke nan. Ya sauka a Ngaski ya bar ni da sauran fasinja, waɗanda na lura sun fara barcin ƙarya don kada in ci gaba.

Hanyar daga nan ba ta da daɗi. Inda kwalta ta ƙare rami ya karɓa, bututu na ta ƙara a kan rufin mota, direba na harara ta ta madubi. Muka shiga Wara da hantsi.

Wara, da cikin jirgi

Na ci masa da miya a bakin kasuwa, mai zafi, har na ƙara. Ina wanke hannu sai ga Garba, mijin Yaya, ya taho yana washe baki. Masunci ne tun kakanni, kuma tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Injiniya ya iso! Ina sauran ma'aikatan?"

"Ni kaɗai na ishe ku. Kai da kad ɗauke muna 'yar gida kak kai ta inda sauro ke sarauta."

Ya ɗauki bututun a kafaɗa ɗaya kamar kara, muka gangara bakin ruwa. Tafki ya cika maƙil a wannan lokaci, har ya shanye wasu itatuwan gaɓa. Ya miƙo mini rigar ruwa, na ce na iya iyo. Ya ce iyon kogin Yelwa daban, na nan daban. Da muka fita tsakiya iska ta fara watso mana ruwa a fuska, ni da kaina na jawo rigar na sa, na ɗaure igiyarta tam.

Mun yi tafiyar sama da awa guda. Da muka hango bukkokin tunga, Garba ya rage inji ya matso kusa da ni, wasan ya bar fuskarsa.

"Bala, Yayarka ba barazana take ba hwa. Ta riga ta yi magana da Ɗanjuma mai sayen awaki, gata zai jira ta bakin ruwa a Wara. Duk ɗan akuyar da yam mutu sai ta yi kuka. Ta ce gara ta rabu da su da ransu."

Na ce, "Ɗanjuma zai koma gida da igiyarsa."

Tunga, ranar farko

Tungar ba ta da girma. Bukkoki ne na ciyawa da 'yan ɗakunan ƙasa, taruna a shanye, ko'ina warin kifi da hayaƙi. Yaya Kulu ta tarbe ni da fura, ta ce na rame, ni kuwa na san ƙiba na yi. Ban zauna ba na ce a kai ni wurin aiki.

Sa'a ta farko, murhun bandarta yana bayan ɗakin awaki, taku kaɗan ne tsakani. Murhun ƙasa ne mai faɗi, an shimfiɗa waya a sama, tarwaɗa da karfasa a jere, an rufe da tsohon kwano. Cikin ɗakin ga Jar Inna a tsaye, hantsa ta cika, tana numfashi da ƙyar. Kamarta ɗaya da kakarta, har farin ɗigon goshi. A gefe akwai wata baƙar akuya da Yaya ta saya a kasuwa, da ɗanta ɗan kwana biyu, ƙafafunsa ko ƙwari ba su yi ba.

Na huda murhun gefe da gefe, na huda bangon ɗaki, muka zura bututu. Baki ɗaya ya kalli tafki don ya sha iska, ɗaya ya leƙa cikin ɗaki daidai ƙasa. Ina liƙe ramukan da laka Yaya ta tsaya a kaina.

"Bala, wutar banda ba irin ta burodi ba ce hwa."

"Yaya, wuta wuta ce. Ke dai ki hura."

Ta buɗe baki za ta ƙara, ta dube ni, ta fasa. Da la'asar ta hura wuta. Kafin magariba ɗumi na fitowa daga bakin bututun kamar numfashin saniya. Matan tunga suka yi layi suna kara hannu, ana ta salati. Ɗan baƙar akuya da kansa ya lallaɓa ya kwanta a bakin bututun. Garba ya ce ya janye rabin tsiyar da ya yi mini. Na ci tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, na sha yabo har na ƙoshi, ina idar da isha'i na miƙe a tabarma. Gajiyar hanya ba ta bar ni na ko juya ba.

Kwana na biyu

Ina sallame asuba na nufi ɗakin awaki, har da ɗan murmushina. Ina sa ƙafa wata iska mai sanyin ƙanƙara ta doke ni a ƙwauri. Daga bututuna take fitowa, kai tsaye daga tafki, har da fito. Baƙar akuya na tsaye tana lasar ɗanta. Yana nan inda ya kwanta jiya, a bakin bututun, ya sandare.

Na zagaya baya da sauri na taɓa murhu. Toka ce mai ɗan ɗumi, babu wuta. Na juyo na ga Yaya a bayana, ta riga ta gani.

"Yaya, ina wutar?"

"Na janye ta bayan isha'i, kamar kullum."

"Don mi?"

"Kifin kake so shi ƙone? Banda da wuta ake farawa, da ɗumi ake ƙarewa. In kifi ya tsotse sai a janye itace da garwashi a kashe da ruwa, a bar shi shi kwana cikin ɗumin murhu. Kowace mace a tungar ga haka take yi." Ta nuna mini tulin baƙin itace a gefe, a jiƙe. "Na so in gaya maka jiya, kac ce wuta wuta ce."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ni na saba da tanderun burodi, wanda sai gab da asuba ma yake ƙara ƙarfi. Ban taɓa kwana a wurin da ake banda ba, gina murhu nake in karɓi sallama in tafi. Ashe daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, lokacin ne bututuna ya zama ƙofar da na buɗe wa iskar tafki. Wallahi na ji kunya, na ji haushin kaina. Ɗan akuyar nan ɗumina ya yaudare shi ya kwanta a wurin.

Yaya ta ɗauke gawar ta naɗe a tsumma. Ta ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka, Auta. Jibi zan kai su. In Jar ta haihu kafin nan, in haɗa da ɗiyan."

In ta kira ni Auta, to ta yafe ke nan, kuma ta gama magana. Amma ni ba a kayar da ni sau biyu a gini ɗaya. Na zare bututun na jefar gefe, na toshe ramukan, na zauna a kan turmi ina kallon tulin itacen nan da aka kashe. Kullum dare sai an ɗebi jan garwashi cike da kwano an sheƙa masa ruwa. Ga zafin da nake nema, ba cikin murhu yake ba, a ƙasa ake zubar da shi. Abin da ya rage shi ne inda zan ajiye shi ya kai safe, tunda ƙarfe yadda yake saurin ɗauka haka yake saurin saki.

Sai na tuna ɗakin Inna a Yelwa. Akwai gadon ƙasa a ciki, irin na da, mai rami a ƙasa. Da Yaya ta zo wankan jegon farinta a kansa ta kwanta. Da yamma Inna ta zuba garwashi a ramin ta toshe, har safiya in ka taɓa gadon da ɗuminsa.

Na miƙe na ce, "Yaya, gadon jego zan gina mata."

"Wa?"

"Jar Inna."

"Gadon jego? Ma akuya?"

"Ita ba jegon za ta yi ba?"

Duk da ɓacin ranta sai da dariya ta kuɓuce mata. Ta ce in yi abin da na ga dama, ita dai ta riga ta ba Ɗanjuma magana. Wannan karon kafin in taɓa laka sai da na zaunar da ita na yi mata tambayoyi kamar alƙali. Yaushe take janye wuta, garwashin yana kai kwano nawa, in ba a samu kifi ba fa? Ta ce ko Garba bai kamo ba maƙwabta na banda, kuma kowa da ruwa yake kashe garwashinsa, ba mai hana ta ɗiba.

Garba ne ya kawo maganar doka. Ya ce wuta a ɗakin dabbobi, mai tunga ba zai yarda ba. Na ce a kira shi. Dattijon ya zo da sandarsa, na zana masa a ƙasa. Gadon yana cikin ɗaki, amma bakin ramin yana waje, ta bayan bango, kusa da murhu. Ko ƙwayar garwashi ba za ta shiga inda awaki suke ba. Ya tambayi inda hayaƙi zai bi. Na nuna masa bututuna da ke yashe, na ce ga shi, zan tsayar da shi ya wuce rufin ciyawa. Ya ce in ya ga hayaƙi a cikin ɗaki, da hannunsa zai rushe. Na ce na yarda.

Ban yi amfani da duwatsun bakin ruwa ba, don dutsen da ya sha ruwa in ya ji wuta fashewa yake. Akwai wani tsohon murhu da ya rushe a bayan gidan, ƙasarsa ta gasu ta yi ja. Ita muka farfasa muka jera. Na yi ramin da faɗi, na ɗora tsohon kwano mai kauri a kai, na bi da gutsattsarin gasasshiyar ƙasa kusan kamu ɗaya, na shafe da laka da aka cuɗa da buntun shinkafa. Tsayin gadon bai kai gwiwa ba, yadda ɗan akuya zai iya hawa, na kuma yi masa gangare. Garba na kwaɓa laka yana mita, wai shi da ko matarsa bai gina wa gado ba. Muka gama rana na faɗuwa, bayana kamar ba nawa ba.

Daren nan awaki a ɗakin girki suka kwana. Muka cika ramin da garwashi don ginin ya bushe, ni kuma ina roƙon Allah kada Jar ta riga mu.

Kwana na uku

Ba ta riga mu ba. Da safe gadon ya bushe, ya tsattsage a wuri uku, dama na san za a yi haka. Na cike tsagar, na tura ɗanyen ganye cikin ramin na kunna don ya yi hayaƙi sosai, na shiga ɗaki na ja ƙofa. Mai tunga ya shigo tare da ni, yana shinshina kamar mai neman ɓera. Wani siririn hayaƙi ya fito ta kusurwa, na danne shi da laka. Muka ƙara jira, babu komai. Ya fita ya ɗaga kai ya ga hayaƙi na tashi ta bututu can sama da rufi, ya ce, "To, madalla," ya tafi abinsa.

Na zuba busasshen yashi a kan gadon, na bi da buntu. Bayan azahar Jar Inna ta fara kai da kawowa tana tonon ƙasa. Yaya ta kore mu ni da Garba, wai mun cika mata wuri. Muna zaune a gindin bango muka ji kukan farko, siriri. Can sai na biyu. Yaya ta leƙo hannunta duk jini ta ce, "Biyu. Mace da namiji." Ba ta yi murmushi ba. Ta sha ganin wannan ranar, safiyar da ke biye ce ba ta da tabbas.

Iskar yammacin nan ta fi ta kowace rana. Masunta da yawa ba su fita ba. Bayan isha'i Yaya ta janye wutar bandarta kamar kullum, amma maimakon ruwa sai ta kwashe garwashin da shebur ta tura ramin gado. Tana yi tana ƙorafi, wai gawayin da take samu in ta kashe da ruwa shi take girki da shi, yanzu na raba ta da shi saboda akuya. Na toshe bakin da guntun kwano, na bar 'yar kafa kamar yatsa biyu.

Safiyar kasuwa

Ba zan ce muku na yi barcin kirki ba. Ana kiran salla na riga kowa alwala, ruwan kamar ya yanke yatsu. Da muka idar na tarar Yaya ta riga ni, tana tsaye a ƙofar ɗakin awaki da fitila, ta kasa shiga.

"Shiga kai," in ji ta.

Na shiga. Jar na kwance a kan gado tana tuƙa. 'Ya'yan na jikinta, sun miƙe ƙafafu, ba motsi. Na durƙusa na sa tafin hannu a kan yashin, na ji ɗumi kamar jikin mutum. Na taɓa ta macen. Ta yi atishawa, ta ɗaga kai ta dube ni kamar na tashe ta daga barci mai daɗi, ta miƙe tana rangaji ta nufi nono. Namijin ya bi ta yana ture ta.

"Yaya, zo ki ga masu jego!"

Ta shigo, ta taɓa gadon, ta taɓa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har cikin kunnuwa. Ta zagaya baya ta buɗe bakin ramin, ta tona da itace. Rabin garwashin bai cinye ba, ya mutu a hankali ya zama gawayi mai kyau. Ta ce, "Har gawayina ya bar mini." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Aka fara lodin jirgi. Ni ina tsaye da jakata ina kallon hannunta, ko za ta ɗauko igiya. Kwandunan kifi suka shiga, ɗaya bayan ɗaya. Ta koma cikin gida, ta fito da mayafi kawai, babu igiya. Garba ya ƙifta mini ido ya tayar da inji.

Mun isa Wara kasuwa ta fara ci. Jirage sun cika gaɓa, masu albasa da masu kifi kowa na kiran nasa. Ga Ɗanjuma a bakin ruwa, gajere mai babbar riga, da igiyoyi a kafaɗa. Ya leƙa jirgin gaba da baya.

"Hajiya, ina kayana?"

Yaya ta ɗora kwando a kai ta ce, "Kifi nik kawo, Malam Ɗanjuma. Ka yi haƙuri, mai jego ba ta fita. In kana son tarwaɗa, ta yi kyau."

Ya dube ta, ya dube ni, bai gane komai ba. Ni kuwa na yi dariyar da har mutane suka waiwayo.

Komawa Yelwa

Yaya ta cusa mini ƙullin bandar tarwaɗa a jaka, ta ce in kai wa iyali. Mata biyu na tunga da suka biyo jirginmu sun riga sun ce in dawo in gina musu, na ce su tara gasasshiyar ƙasa, amma sai na kwana na ga yadda kowace ke kashe wutarta. Na sami direban nan mai hular sanyi, ya tambayi ina fasinjansa na sama. Na ce ya sami aiki a tunga, yana tsaye yana shan hayaƙi. A shingen 'yan banga wancan ya gane ni, ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi, amma ba yadda nic ce ba."

Taya ta yi mana faci kusa da Ngaski, muka ɓata lokaci, don haka sai bayan magariba muka shiga Yelwa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Garba da ya kwaɓa laka yana mita, da mai tunga da ya ba ni dama bayan ya ga ɓarnar da na yi da farko, da matan tunga da suka yi mini dariya a gabana ba a bayana ba.

Ina sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Na ce, "Yaya, kun isa lafiya?" Sai na ji ƙarar ƙofar kwano, na ji takunta, sannan kukan 'yan awaki biyu, ɗaya na katse ɗaya, da muryar uwar tana amsa musu ƙasa-ƙasa, irin yadda muke ji a tsakar gidanmu muna yara in Inna ta fito da dusa. Na tsaya a bakin zaure da jaka a kafaɗa, ban shiga ba, ina saurare har katinta ya ƙare.